ZAUREN SANI: Me ya sa launi ke gudu in an kwafi faifan bidiyo?

   

A wannan wata zaurenmu zai duba wata matsala da ke haɗa mutane faɗa a banza. Mutum yana da faifan bikin ɗiyarsa, ko na suna, ko na saukar karatu. Wani kuma tsohon kaset gare shi, mai ɗauke da hoton mahaifinsa da ya riga mu gidan gaskiya. Yana son a kwafa masa, ya aika wa ɗan uwa a Agadas ko Kano. An haɗa na'ura biyu, an zuba mai a injin wuta, an jira awa biyu. Da aka kunna sabon faifai, sai ga hoto fari da baƙi. Zanen amarya da rawanin liman duk sun zama toka.

Daga nan sai rigima. Mai faifai ya ce an ɓata masa kayansa. Mai kwafi ya ce faifan ne ba shi da kyau. Sau da yawa duka biyun ba su da laifi. Launin yana nan cikin faifan asali. A hanya ya tsaya, tsakanin na'urar da ke bayarwa da wadda ke ɗauka. In an san inda ya tsaya, sau da yawa gyaran ba ya cin ko dala.

HASKE DABAM, LAUNI DABAM

Ga abin da ya kamata kowa ya fara riƙewa. Hoton bidiyo kaya biyu ne. Na farko haske: shi ke nuna siffar mutum, da inda ya yi fari da inda ya yi duhu. Na biyu launi: shi ke nuna wannan ja ne, wancan tsanwa ne, wancan shuɗi.

Dalilin raba su tsoho ne. Talabijin ta fara ne da fari da baƙi. Da aka gano dabarar launi, akwatunan fari da baƙi sun riga sun cika gidaje. Ba a so a ce wa mutane su zubar da su. Sai aka bar haske yadda yake, aka ɗora launi a bisansa kamar ƙarin kaya. Tsohon akwati ya karɓi haske ya ƙyale launi. Sabon akwati ya karɓi duka biyu.

Shi ya sa in wani abu ya samu hanyar hoto, launi ne ke fara faɗuwa, haske ya wuce shi kaɗai. Hoto fari da baƙi mai tsabta alama ce mai kyau. Yana nufin na'urorin suna da rai, kuma hanyar a buɗe take. Kayan bisa ne kawai ya zame.

HARSUNA UKU NA LAUNI

Ƙasashen duniya ba su yi baki ɗaya kan yadda za a ɗora launi ba. Tsari uku aka yi. Ku kula da haruffansu, don za ku gan su a jikin na'ura ko a bisa allon talabijin.

Na farko NTSC. Amurka ta amince da shi a 1953. Japan ma shi ta bi. Hotonsa layi 525 ne, kuma hoto wajen 30 ke wucewa a kowace daƙiƙa.

Na biyu PAL. Wani injiniya Bajamushe mai suna Walter Bruch ya tsara shi. Ingila da Jamus ta Yamma suka fara aiki da shi a 1967. Najeriya da Aljeriya da Indiya duk shi suka bi. Layi 625 ne, hoto 25 a daƙiƙa.

Na uku SECAM. Na Faransa ne, aikin wani injiniya mai suna Henri de France. Shi ma a 1967 aka fara watsa shi. Layi 625 ne, hoto 25 a daƙiƙa, daidai da PAL. Launin ne kawai aka ɗora ta wata hanya dabam.

A nan ne zancen ya shafe mu. A Nijar talabijin ta fara da ta makaranta a 1964. Tele-Sahel kuma ta fara a 1979, ta bi tsarin Faransa, wato SECAM. Amma finafinan Hausa daga Kano suke zo mana, tun bayan fitowar Turmin Danya a 1990, kuma Kano PAL ce. Na'urori kuwa daga ko'ina suke shigowa: wasu sababbi daga Sin, wasu na hannu daga Faransa, wasu daga Amurka. Ke nan a ɗaki ɗaya a Tanut kana iya tarar da harsuna ukun a kan tebur guda.

Ku dubi kasuwar Bakin Birji ko ta Belbeji. Bahaushe da Buzu da Bafillace da Babarbare duk suna gane gaisuwa da miƙa hannu. Amma in aka zo ciniki, sai an sami harshen da duka biyu ke ji. Haske shi ne gaisuwar. Launi shi ne cinikin. Na'urar PAL tana karɓar gaisuwar SECAM, ta nuna hoto sarai, amma fari da baƙi.

A BI SAWU DAGA FARKO

Makiyayin da raƙuminsa ya ɓata ba ya bin daji ido rufe. Yana komawa rijiyar da aka yi masa ganin ƙarshe, ya ɗauki sawu daga can. Haka za mu yi. A bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Kada a taɓa abu biyu lokaci guda, don in an gyaru a san abin da ya gyara.

Don sauƙin magana, na'urar da aka sa faifan asali ko kaset a ciki za mu kira ta mai bayarwa. Wadda aka sa faifan da ba a rubuta komai ba za mu kira ta mai ɗauka.

Mataki na 1. A duba talabijin. A kunna wani faifai da aka san yana da launi. In shi ma ya fito fari da baƙi, to matsalar ta akwati ce. Wani lokaci yara ne suka latsa rimot suka rage launi har ƙasa. A nemi wurin da aka rubuta COULEUR ko COLOR, a ƙara.

Mataki na 2. A duba na asali. A haɗa mai bayarwa kai tsaye da talabijin. In launi ya fito, a kwantar da hankali, kayanka suna lafiya.

Mataki na 3. A sa mai ɗauka a tsakiya. Waya ta tashi daga mai bayarwa zuwa mai ɗauka. Wata waya ta tashi daga mai ɗauka zuwa talabijin. Wannan mataki shi ne babba, kuma shi aka fi tsallakewa. Akwatunan talabijin da yawa suna jin harsunan nan uku. Mai ɗauka kuwa sau da yawa ɗaya ko biyu take ji. In ka haɗa talabijin da mai bayarwa kana kwafi, za ka ga launi tsaf, alhali mai ɗauka fari da baƙi take rubutawa. Ka kalli abin da mai ɗauka ke gani. Shi ne abin da zai shiga faifanka.

In a mataki na 3 launi ya gudu, to laifin yana ɗaya daga wuri uku: waya, ko ƙofa, ko harshe.

WAYA DA RAMUKANTA

Wayar da aka fi sani kai uku gare ta. Mai ruwan ɗorawa ita ce ta hoto. Ja da fara na murya ne. A bayan mai bayarwa a sa su inda aka rubuta OUT ko SORTIE, wato mafita. A jikin mai ɗauka a sa su inda aka rubuta IN ko ENTREE, wato mashiga.

Ga tarkon da ke kama mutane da yawa. A bayan wasu na'urori akwai wasu ramuka uku a jere: tsanwa, shuɗi da ja. Su ma na hoto ne, amma sun rarraba kayan. Ramin tsanwa, mai alamar Y, haske kaɗai ke fita ta cikinsa. In ka sa wayar hoto a can, hoto zai fito tas, amma babu launi ko ɗigo. A ɗaki mai duhu, ga ƙura ta rufe ramuka, sauƙi ne hannu ya kauce. A haska tocila, a goge wurin, a nemi rami mai ruwan ɗorawa da aka rubuta VIDEO a gefensa.

Akwai wata waya mai kai zagayayye da ƙananan allurai 4 a ciki, ana rubuta S-VIDEO a raminta. Allura biyu na haske ne, biyu na launi. In allurar launi ta lanƙwashe ko ta karye, haske zai wuce shi kaɗai. A duba kan wayar a cikin hasken rana. Kada a tura ta da ƙarfi, gefe ɗaya kawai take shiga.

Akwai kuma babbar waya mai faɗin kai da haƙora 21, wadda Faransawa ke kira Peritel. Na'urorin da suka fito daga Turai sun fi zuwa da ita. Tana da nauyi, tana yawan zamewa ta gefe ɗaya. A danna ta ta zauna daidai. In an haɗa ta da ɗan kan da ke juya ta zuwa waya mai kai uku, a duba ɗan makunnin da ke jikinsa: a wajen mai bayarwa ya tsaya kan OUT, a wajen mai ɗauka ya tsaya kan IN.

Zafin Damargu yana busar da robar waya har ta tsage, ɓera ma yana ci. In ana shakkar wayar hoto, ga gwaji marar kuɗi. A cire ta, a ɗauki jar wayar murya a sa ta a ramukan hoto, can da nan. In launi ya dawo, to waya ce ta mutu. A sayi sabuwa.

ƘOFAR DA AKA BUƊE

Mai ɗauka tana da mashiga fiye da ɗaya: AV1, AV2, wani lokaci AV3 a gaba. A zaɓi wadda wayar take ciki. Bayan haka a shiga tsarin na'ura da maɓallin SETUP ko MENU. A can ana tambayar irin hoton da ke bin ƙofar: VIDEO, ko S-VIDEO, ko RGB. Dole abin da mai bayarwa ke fitarwa ya zama shi ne abin da mai ɗauka ke jira. In ɗaya tana kan S-VIDEO, ɗayar tana kan VIDEO, sakamakon fari da baƙi ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa duka biyu kan VIDEO. Wasu na'urori suna rubuta shi CVBS ko COMPOSITE, duk abu ɗaya ne.

HARSHE

In waya da ƙofa suna daidai, saura harshe. A cikin tsarin mai bayarwa a nemi inda aka rubuta TV SYSTEM, ko TV TYPE, ko SYSTEME TV. Za a ga PAL, NTSC, da AUTO ko MULTI. AUTO yana nufin na'ura ta bi harshen faifai duk wanda ya zo. Yana da kyau wajen kallo, ba shi da kyau wajen kwafi. A zaɓi PAL. A je wajen mai ɗauka, ita ma a sa ta kan PAL.

Ku sani, faifan DVD iri biyu ne kawai: na layi 625 da ake rubuta PAL a bayan kwalinsa, da na layi 525 da ake rubuta NTSC. Babu faifan SECAM. Don haka in daga faifai zuwa faifai ake kwafi, rigimar tsakanin PAL da NTSC take.

Faifan da ɗan uwa ya aiko daga Amurka NTSC ne. Wasu na'urori suna juya shi ya zama PAL cikakke. Wasu kuwa rabin aiki suke yi, su fitar da abin da ake kira PAL 60. Talabijin tana yarda da shi. Mai ɗauka da yawa ba ta yarda: ko launi ya gudu, ko hoto ya riƙa birgima, ko ta ƙi ɗauka gaba ɗaya. In haka ta faru, a sa duka biyun kan NTSC, in mai ɗauka tana da wannan zaɓi. Amma a yi shi a faifai nasa shi kaɗai, don na'urori da yawa ba sa haɗa harshe biyu a faifai guda.

Gargaɗi a kan na'urar da aka yi don Amurka ko Japan. Wutarsu ba ta kai tamu ba: tasu tsakanin 100 da 120 take, tamu 220. A karanta lambar da ke bayan na'ura kafin a jona, don kada ta ƙone.

TSOFAFFIN KASET

A nan ne SECAM ke jiranmu. Duk kaset da aka naɗa daga Tele-Sahel a shekarun baya, ko da na'urar da aka yi don Faransa, yana iya zama SECAM. Kafin launinsa ya isa faifai, sharaɗi biyu ne. Na'urar kaset ta iya karanta shi, kuma mai ɗauka ta iya jin SECAM. In ɗaya ta gaza, fari da baƙi za a samu. Mai ɗauka da aka yi don kasuwar Faransa yawanci tana ji, ta mai da shi PAL a faifai. Wadda aka yi don Ingila ko Najeriya sau da yawa ba ta ji. A duba goshin na'ura, a can ake jera harsunan da ta sani. In babu SECAM, a ari wata. Latse-latse ba zai koya mata harshen da ba a sa mata ba.

In kuwa launi yana zuwa yana tafiya, ga layuka suna ratsa hoto, to ƙura ce ko tsufa. A gyara da maɓallin TRACKING. In bai yi ba, a kai wa mai gyara ya wanke kan na'ura. Kada a sa wuƙa ko tsumma mai datti a ciki.

Wannan aikin ba na jira ba ne. Kaset irin VHS ya fito a Japan a 1976. Kamfanin Funai, wanda ya rage yana ƙera na'urarsa, ya daina a 2016. Waɗanda suka saura a hannun mutane tsufa suke yi, kaset ɗin ma haka. Mai kaset na iyayensa ya kwafa tun da sauran mai karanta shi.

FAIFAN DA KE DA MAKULLI

Akwai faifan kasuwa da masu shi suka sa wa kariya da gangan. Alamarsa ita ce hoto ya yi haske ya yi duhu, launi ya yi ratsi-ratsi, ko mai ɗauka ta rubuta cewa ba za ta ɗauka ba. Na'urarka lafiya take. Mai fim ne ya kulle rumbunsa. Ya kashe kuɗi, ya biya ƴan wasa, kamar yadda ka biya ƴan ƙwadago a gonarka. A ƙasarmu akwai ma'aikatar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA. Zancenmu na yau a kan naka ne na kanka: bikinka, sunan ɗanka, taron garinku. Na kasuwa a saya.

A GWADA KAFIN A ZUBA

Manomin kirki yana jiƙa ƴan ƙwayoyi ya ga ko za su tsira kafin ya fita shuka. A yi haka da faifai. Faifan da aka rubuta R a jikinsa sau ɗaya ake rubuta shi, ba ya gogewa. Wanda aka rubuta RW ana gogewa a sake. A ajiye RW guda don gwaji. A ɗauki minti biyu, a tsaya, a kunna a gani. In launi ya zauna, sai a sa na gaskiya. Sauri ya haifi nawa.

A kula da tsawon lokaci. Faifai ɗaya yana ɗaukar awa 2 a kan SP, hoto mai kyau. Ana iya matsa masa awa 4 a kan LP, ko 6 a kan EP. Amma duk yadda aka ƙara awa, hoto yana raguwa, launi ya yi dama-dama kamar an ƙara wa fura ruwa. Bikin awa 4 gara a raba shi faifai biyu.

A duba mai a cikin gurup, ko cajin batir, kafin a fara. In wuta ta yanke ana cikin rubutu, faifan yana iya lalacewa. In an gama, a rufe faifai da umarnin FINALIZE ko FINALISER. In ba a rufe ba, ba zai yi a na'urar wani gida ba.

ABU BIYU DA BA A MANTAWA

Na farko: faifan da ya riga ya fito fari da baƙi ba ya gyaruwa. Launin bai shiga ba tun farko, babu maɓallin da zai fito da shi. Sai an koma ga na asali an sake.

Na biyu ya biyo bayan na farko: na asali iri ne, ba a cinye shi. Kada a bayar da shi kyauta, kada a naɗi wani abu a kansa, kada a jefar don an ce an kwafa. A sa shi cikin kwalinsa, a naɗe da ƙyalle, a ajiye a inuwa nesa da rana da ƙura. Faifai a riƙe shi ta baki, kada yatsa ya taɓa cikinsa. Kuma kullum a kwafa daga na asali. Kwafin da ya bi ta waya yana rage kyau, kwafin kwafi ya fi shi raguwa.

Ga kuma hanya mafi kyau ga mai faifai. Yau aikin ya koma kan kwamfuta da wayar salula, na'urar ɗaukar DVD ta yi wuya a kasuwa. Kwamfuta ba ta kallon hoto ta sake zana shi, kamar yadda na'ura biyu ke yi ta waya. Abin da ke cikin faifai take kwashewa yadda yake, don haka launi ba ya raguwa ko kaɗan. Duk mai zuwa Tanut ko Damagaram ya tafi da faifansa wurin masu kwamfuta. A yi masa faifai na biyu, a kuma zuba masa a katin waya. Kafin ya biya, ya ce a kunna masa farko da tsakiya da ƙarshe, ya gani da idonsa. Sannan ya ajiye ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan uwa a wani gari.

Masu sana'ar kwafi, ku ma ga naku. Ku nuna wa mai kaya launi a allo kafin ku fara. Ku mayar masa da na asali a hannunsa. Hoton tsohon wani ba shi da na biyu a kasuwa.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. A kwafi matakan nan a takarda, a liƙa kusa da na'ura. Mai tambaya ya aiko wa zaure, matambayi ba ya ɓata. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.